Tarihin Ƙaurar Akwatin Imel Daga Kamfani Zuwa Kamfani

Kowane adireshin imel yana da ɓangare biyu waɗanda alamar @ ta raba tsakaninsu: abin da ya zo kafin alamar shi ne sunan da mutum ya zaɓa wa kansa, abin da ya biyo bayanta kuwa sunan kamfani ne, ko makaranta, ko ma'aikatar da ke riƙe da akwatin saƙonninsa. Wannan tsari, wanda aka haura shekara 50 ana aiki da shi, shi ne tushen yawancin wahalar da mai imel ke sha idan ya yi niyyar barin kamfanin da ke yi masa hidima ya koma wani, domin ɓangaren farko kaɗai ne nasa, na biyun mallakin wasu ne. Abubuwa uku mai ƙaura ke son ya tafi da su, wato tsofaffin saƙonninsa, da jerin adireshin mutanen da yake hulɗa da su, da kuma adireshinsa na kansa. Biyun farko sun yi ta samun sauƙin ɗauka daga zamani zuwa zamani, har doka ta shigo cikin maganar a wasu ƙasashe, amma na ukun yana nan inda aka bar shi tun farkon fari.

Tun a 1965 masu aiki da babbar kwamfutar cibiyar MIT da ke Amurka suna bar wa juna saƙo, sai dai saƙon ba ya fita daga wannan na'ura guda, saboda haka sunan mutum kawai ya wadatar a matsayin adireshi. A 1971 ne Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN, ya haɗa wasu manhajoji biyu ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta kan ARPANET, wato hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, wadda daga baya ta haifi intanet, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. A wancan lokaci abin da ke bayan alamar sunan wata na'ura ce takamaimiya da ke girke a wani ɗaki, ta yadda idan aka kashe ta, ko mai bincike ya bar jami'arsa ya koma wata, adireshin ya mutu ke nan. A hanyar UUCP, wadda kwamfutocin Unix ke bi wajen kiran juna ta layin tarho tun ƙarshen shekarun 1970, lamarin ya fi haka tsanani, domin mai aikawa ne ke jera sunayen dukkan na'urorin da saƙo zai ratsa, yana raba su da alamar motsin rai, kuma idan na'ura ɗaya ta sauya a tsakiyar hanya sai adireshin ya daina aiki.

A cikin wannan yanayi ne al'adar farko ta ƙaura ta samo asali. Manhajar sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito a 1983, ta ba mai akwati damar ajiye wani ɗan ƙaramin fayil da ke ɗauke da sabon adireshinsa, duk saƙon da ya iso sai na'ura ta karkatar da shi zuwa can. Wannan dabara ba ta dogara da wata doka ko yarjejeniya ba, ta dogara ne ga mutuncin da ke tsakanin ma'aikata, domin mai kula da kwamfutar tsohon wurin aiki ne ke barin akwatin abokinsa a buɗe na wasu watanni ko shekaru don alfarma. Masu imel a lokacin 'yan tsiraru ne da suka san juna, shi ya sa alfarmar ta wadatar.

Babban sauyi ya zo ne a cikin shekaru huɗu. A watan Agusta na 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP, wato tsarin da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna saƙo, wadda kowa ke da ikon amfani da ita ba tare da biyan kuɗi ko neman izini ba. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato kundin da ke warwatse a sassan duniya, mai fassara sunaye zuwa lambobin na'urori, kuma daga nan aka sami abin da ake kira domen, wato sunan da ke bayan alamar @ wanda ake yi wa rajista. A watan Janairu na 1986 kuma Craig Partridge ya bayyana yadda za a yi aiki da bayanin MX, wanda layi ne guda a cikin wannan kundi da ke cewa duk saƙon da aka aiko wa domen kaza, a kai shi na'ura kaza. Wannan ɗan layi ya raba suna da na'ura, kuma muhimmancinsa ya zarce girmansa nesa ba kusa ba. Tun daga ranar, jami'a ko kamfanin da ya mallaki domen ɗinsa yana iya ɗauke hidimar imel ɗinsa kacokan daga wata na'ura zuwa wata, ko daga hannun wani kamfani zuwa hannun wani, ta hanyar gyara layin nan kawai, ba tare da ko mutum ɗaya daga cikin masu rubuto masa ya san an yi ƙaura ba. Kowane bayani a kundin yana ɗauke da wa'adin da sauran kwamfutoci za su riƙe shi kafin su sake tambaya, shi ya sa ƙwararru kan rage wa'adin daga yini guda zuwa 'yan mintuna kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ƙaura, don kada saƙonni su ci gaba da kwarara zuwa tsohon wuri. Ke nan tun 1986 an riga an warware matsalar tafiya da adireshi, amma ga wanda ya mallaki domen kaɗai, kuma akasarin mutanen da suka shigo intanet daga baya ba su taɓa mallakarsa ba.

Kamfanonin kasuwanci na farko sun gina nasu tsarin a rufe. CompuServe yana bai wa abokan cinikinsa lambobi a matsayin adireshi, MCI Mail ya fara aiki a 1983, kuma sai a 1989 ne aka haɗa su biyun da intanet har masu akwati a cikinsu suka iya musayar saƙo da mutanen waje. Da intanet ya shiga gidaje a shekarun 1990, kamfanin da ke sayar wa mutum layi shi ne ke ba shi adireshi a matsayin gyara, kuma ana karanta saƙo ne ta ƙa'idar POP, wadda aka fara fitarwa a 1984, aka inganta ta zuwa POP3 a 1988. Aikin POP shi ne ta sauko da saƙonni zuwa kwamfutar mai su, sannan yawanci ta goge su daga na'urar kamfani. Saboda haka mai imel na wancan zamani yana riƙe da wasiƙunsa a hannu, cikin fayil irin na mbox, wanda ke jera saƙonni ɗaya bayan ɗaya a rubutu zalla, ko kuma irin na PST da manhajar Outlook ta yi amfani da shi tun 1997, wanda tsohon samfurinsa kan lalace idan ya kai gigabayit 2. Matsayin mutum a nan kamar na ɗan haya ne, wanda in zai tashi yana kwashe kayansa duka, amma lambar gidan tana nan a jikin ƙofa, ta mai gida ce.

An ga illar haka a fili lokacin da kamfanin Excite@Home ya durƙushe a Amurka a ƙarshen 2001. A ranar 1 ga Disamba na shekarar aka yanke layin kimanin mutum 850,000 da ke samun hidimar ta hannun AT&T, adireshinsu mai ƙarewa da home.com ya tafi, aka ba su sabo mai ƙarewa da attbi.com, sannan a 2003, bayan Comcast ya sayi wannan sashe na AT&T, aka sake mayar da su comcast.net. Adireshi uku ke nan cikin ƙasa da shekara biyu, ga mutanen da ba su motsa daga gidajensu ba, ba su kuma nemi sauyi ba.

Irin wannan ɗauri ne Hotmail ya yi alkawarin kwancewa. Sabeer Bhatia da Jack Smith sun ƙaddamar da shi ranar 4 ga Yuli, 1996, ranar bikin 'yancin kan Amurka, da nufin nuna cewa mutum ya kuɓuta daga adireshin mai sayar masa da layi, tunda ana buɗe akwatin daga kowace kwamfuta ta shafin intanet, kuma kyauta ne. Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997 a kan kimanin dala miliyan 400, a shekarar kuma Yahoo ya sayi kamfanin Four11 mai RocketMail ya kafa Yahoo Mail a kansa. Abin da ya faru a nan juyin waina ne: adireshi ya daina mutuwa idan an sauya layi, amma wasiƙu sun bar hannun mai su sun koma zama a na'urar kamfani, kuma wurin ajiyar ɗan mitsitsi ne, megabayit 2 a Hotmail. A farkon shekarun 2000 Hotmail kan share abin da ke cikin akwatin da aka yi kwana 30 ba a buɗe ba, a watan Afrilu na 2002 kuma Yahoo ya daina bayar da POP da karkatar da saƙo kyauta, ya sa musu kuɗi kusan dala 30 a shekara, wanda ke nufin ƙofofi biyun da mutum zai bi ya fita da kayansa sun zama sai da kuɗi.

Da wannan nau'i ne imel ya shiga rayuwar yawancin mutanen Najeriya da Nijar da Gana, domin ya dace da wanda ba shi da kwamfuta ko layin tarho a gida. A Kano da Kaduna da Zariya da Yamai da Damagaram, ɗalibi ko ɗan kasuwa kan je shagon intanet, wanda aka fi sani da kafe, ya sayi rabin awa ko awa guda, ya buɗe akwatinsa na yahoo.com ko yahoo.co.uk, ko yahoo.fr a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Wanda akwatinsa ya cika sai ya zaɓi wasiƙar da za a buga masa a takarda kafin ya goge ta, wanda kuma ya koma ƙauye hutun makaranta yana iya dawowa ya tarar da akwatin wayam. Irin wannan mai imel bai taɓa riƙe kwafin saƙonninsa a wata na'ura tasa ba, saboda haka duk sharaɗin da kamfani ya gindaya a kan fitar da saƙonni ya fi shafarsa fiye da takwaransa na Turai mai kwamfuta a ɗaki.

Kayan aikin da ya sauƙaƙa kwashe wasiƙu ya girmi Hotmail da shekara goma, sai dai ya daɗe bai kai ga talaka ba. Mark Crispin ya tsara ƙa'idar IMAP a Jami'ar Stanford a 1986, da nufin saƙonni su zauna a na'urar kamfani ko jami'a cikin jakunkunansu, mai su kuma ya riƙa duba su daga na'urori daban-daban. Abin da ya mai da ita hanyar ƙaura shi ne tana ba da damar a ɗora saƙo cikin akwati kamar yadda take ba da damar a karanta shi. Manhajar da ta shiga tsohon akwati da sabo a lokaci guda tana iya ɗauko kowane saƙo daga nan ta ajiye a can, tare da jakarsa, da alamar an karanta ko ba a karanta ba, da ranar isowarsa. Irin aikin da imapsync ke yi ke nan, manhajar da Gilles Lamiral na Faransa ya fara rubutawa a 2001, wadda har yau masu kula da kwamfutoci ke dogara da ita. A aikace ana yin kwasa ta farko tun tsohon akwati yana aiki, wadda kan ɗauki kwanaki idan saƙonnin suna da yawa domin kamfanoni suna ƙayyade abin da za a ja a yini, sannan a juya bayanin MX, sannan a sake kwasa ta biyu don tsince 'yan saƙonnin da suka faɗa tsohon wuri a tsakani. Kurakuran da aka fi samu sanannu ne ga masu sana'ar: a buɗe sabon akwati a tarar da wasiƙun shekara goma duka suna ɗauke da ranar da aka yi ƙaura saboda manhajar ba ta kiyaye ranar asali ba, ko a tarar da saƙo guda ya zama uku saboda tsohon kamfani yana liƙa wa saƙo laƙabi da yawa, sabon kuma ya ɗauki kowane laƙabi a matsayin jaka mai zaman kanta. IMAP kuma ba ta ɗaukar jerin adireshin abokan hulɗa ko kalanda, waɗannan sai an fitar da su daban.

Ƙaura mafi girma da mutane suka yi don raɗin kansu ta biyo bayan fitowar Gmail ranar 1 ga Afrilu, 2004. Google ya ba da gigabayit 1 a lokacin da Yahoo ke ba da megabayit 4, kuma sai da gayyata ake shiga har zuwa watan Fabrairu na 2007. A waɗannan shekaru ne wasiƙar sanar da sabon adireshi, wadda mutum ke aika wa duk wanda ya sani a lokaci guda, ta zama ruwan dare. Google ya ba da karkatar da saƙo da POP kyauta tun 2004, ya ƙara IMAP a watan Oktoba na 2007, a 2009 ya sa hanyar janyo wasiƙu da adireshi daga Hotmail da Yahoo da AOL, a 2011 ya buɗe Takeout don mutum ya sauke bayanansa, a watan Disamba na 2013 kuma ya shigar da Gmail cikinsa a tsarin mbox. Wannan mataki ya cancanci yabo, domin ya tilasta wa abokan gasa su sassauta, amma ya kamata a lura cewa kamfanin bai yi asarar komai ba da ya buɗe ƙofar fitar wasiƙu, tunda abin da ke riƙe mutum a wuri shi ne adireshin da ya riga ya bazu a hannun jama'a, kuma wannan ba ya cikin kayan da ake saukewa.

Hukumomi da manyan ma'aikatu, waɗanda ke da domen nasu, matsalarsu ta wani fanni ce, wato ta adana tarihi da bin doka. Fadar shugaban Amurka, White House, ta fara barin manhajar imel ta Lotus Notes ta koma ta Microsoft Exchange a 2002, a zamanin Shugaba George W. Bush, sai dai tsarin da ke adana kwafin kowane saƙo tun 1994 bai yi aiki da sabuwar manhajar ba, kuma ba a kafa madadinsa ba, aka koma ajiye saƙonni da hannu cikin fayilolin PST. Da yake dokar 1978 ta wajabta adana takardun shugaban ƙasa, ƙungiyoyi biyu sun kai ƙara a 2007, kuma a watan Disamba na 2009 aka sanar da gano saƙonni miliyan 22 da aka yi wa ajiyar da ba ta dace ba. Wannan shi ne misali mafi bayyana na cewa ƙaura tana iya yin nasara a idon ma'aikaci, saƙo yana shiga yana fita, alhali wani aiki da tsohon tsari ke yi a ɓoye ya tsaya ba wanda ya lura. Birnin Los Angeles ya amince a watan Oktoba na 2009 ya mayar da ma'aikata kimanin 30,000 daga manhajar GroupWise zuwa Google, amma a ƙarshen 2011 aka haƙura da mayar da 'yan sanda saboda sharuɗɗan tsaron bayanan masu laifi, birnin ya zauna da tsari biyu. Microsoft kuwa ya kammala mayar da akwatunan Hotmail sama da miliyan 300 zuwa Outlook.com a watan Mayu na 2013, ya ce ya kwashe petabayit 150 cikin mako shida, petabayit ɗaya kuma gigabayit miliyan ɗaya ne, kuma ba wanda ya rasa adireshinsa domin domen ɗin yana hannun kamfani guda. A watan Oktoba na 2025 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta kammala ɗauke akwatuna sama da 40,000 daga Exchange zuwa Open-Xchange, manhajar da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, don kada bayanan gwamnati su dogara ga kamfanin wata ƙasa.

Akwai kuma ƙaurar dole. A watan Agusta na 2013 Yahoo ya rufe hidimarsa ta imel a ƙasar Sin ya nuna wa mutane hanyar komawa kamfanin Alibaba, a cikin watan kuma Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel mai suna Lavabit ba zato ba tsammani don kada ya bar gwamnatin Amurka ta yi amfani da makullan sirrin kamfanin a binciken da take yi a kan Edward Snowden, mutum kimanin 410,000 suka wayi gari ba su iya shiga akwatinsu. A Birtaniya an kashe adireshin imel na kamfanonin Freeserve da Wanadoo da Orange a ƙarshen watan Mayu na 2017. A 2013 ɗin dai Yahoo ya fara raba wa sababbin mutane sunayen da aka yi shekara guda ba a yi amfani da su ba, aka kuma sami rahotannin sababbin masu suna suna karɓar wasiƙun tsofaffin, abin da ya nuna cewa watsar da tsohon akwati bayan an tashi yana da nasa haɗarin. Da kamfanin ya bayyana a watan Satumba na 2016 cewa masu kutse sun saci bayanan akwati miliyan 500, mutane suka fara neman hanyar fita, sai a farkon Oktoba aka tarar an dakatar da kunna karkatar da saƙo. Kamfanin ya ce gyara yake yi, ya kuma mayar da ita bayan 'yan kwanaki da aka yi ta suka, amma daga watan Janairu na 2021 ya cire ta gaba ɗaya daga akwatunan kyauta.

Mai karatu na iya tambayar dalilin da ya sa ba a yi wa imel abin da aka yi wa lambar waya ba. Amurka ta ba masu wayar hannu damar sauya kamfani da lambarsu a watan Nuwamba na 2003, Gana a watan Yuli na 2011, Najeriya kuma ranar 22 ga Afrilu, 2013, ƙarƙashin hukumar NCC. Hakan ya yiwu ne domin lambobin waya dukiyar ƙasa ce da hukuma ke rabawa, kuma ana iya kafa rumbu guda da kowane kamfani zai duba ya ga inda lamba ta koma. A imel kuwa na'urar da ke aikawa ba ta duba sunan mutum ko kaɗan, domen kawai take nema a kundi, saboda haka ba yadda za a yi saƙon mutum ɗaya ya bi wata hanya daban sai ya fara isa hannun mai domen, shi kuma ya yarda ya tura shi gaba, har abada, da kuɗinsa. A 2007 wata marubuciya da aka rufe wa akwatin AOL ta roƙi hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta wajabta irin wannan turawa, hukumar ta saurari ra'ayoyin jama'a, amma ba a kafa doka ba. Faransa ce ta ɗan taɓuka, inda dokar watan Disamba na 2009 ta wajabta wa masu sayar da layin intanet su bar tsohon abokin ciniki ya ci gaba da samun saƙonninsa kyauta na wata shida bayan ya bar su. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa a tsarin da na'ura za ta iya karantawa don ya kai su wani wuri, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta yi tanadi a kan wannan batu, sai dai dukkansu wasiƙu da makamantansu suka shafa, ba su taɓa adireshi ba.

A daidai lokacin da kwashe wasiƙu ke ƙara sauƙi, tsohuwar dabarar karkatar da saƙo ta yi ta rauni, kuma yaƙi da saƙonnin banza da na 'yan damfara ne sanadi. Tsarin SPF, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 2006, yana ba mai domen damar bayyana na'urorin da ke da izinin aika saƙo da sunansa. DKIM na 2007 yana sa wa saƙo hatimin da ke karyewa idan an taɓa abin da ke ciki. DMARC na 2012 kuma yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Saƙon da tsohon akwati ya tura gaba yana isowa ne daga na'urar da ba ta cikin jerin masu izini, don haka yana iya faɗawa jakar banza ko a ƙi karɓarsa. Waɗannan matakai sun zama wajibi ganin yawan zamba, amma sun ƙara wa manyan kamfanoni ƙarfi, domin ƙaramar ma'aikatar da ta kafa na'urarta sai ta yi haƙuri kafin Gmail da Outlook su amince da saƙonninta, kuma duk wanda ya juya bayanin MX ya manta da gyara waɗannan ukun zai ga yana karɓar saƙo amma nasa ba ya isa.

Nauyin da ke kan adireshi ma ya ƙaru fiye da yadda masu tsara shi suka zata, domin ya zama makullin da ake buɗe sauran ƙofofi da shi: banki, da Facebook, da rajistar jarrabawa, da neman aiki, duk can suke aika hanyar sabunta kalmar sirri. Mai ƙaura a yau yana gama kwashe wasiƙu cikin yini ɗaya ko biyu, amma yana iya shafe watanni yana bin wuraren da ya taɓa ba da tsohon adireshinsa yana sauyawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masana ke ba da shawarar a bar tsohon akwati a raye aƙalla shekara guda, a riƙa leƙa shi, musamman tunda Google ya fara share akwatunan da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba daga watan Disamba na 2023.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin matsala da ta riga batun ƙaura, wato mutane da dama ba su ne suka buɗe akwatinsu ba. Mai sayar da waya a kasuwa ne ke buɗe wa mai saye Gmail don wayar Android ta sauke manhajoji, mai kafe ne ke buɗe wa ɗalibi don rajistar JAMB ko ta bautar ƙasa, sau da yawa da lambar wayar mai shagon a matsayin hanyar dawo da akwati, kalmar sirrin kuma a rubuce a bayan wata takarda da kan ɓace. Wanda ke cikin wannan hali ba ya iya kwashe ko wasiƙa guda, kuma idan wayar ta lalace sai a buɗe masa wani sabo, tsohon ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Haka nan ba a rasa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi da ƙananan kamfanonin da har yanzu adireshin kyauta ke rubuce a saman takardunsu, wanda wani ma'aikaci ya buɗe da sunansa, ranar da ya bar aiki kuma ya tafi da tarihin wasiƙun wurin, alhali ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, tana kula da rajistar sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma kuɗin riƙe domen na shekara bai fi ƙarfin ƙaramar makaranta ba. Ya kamata shugabannin irin waɗannan wurare su yi rajistar domen da sunan ma'aikatar kanta, su tabbata fiye da mutum ɗaya ne ke da ikon shiga wurin da ake gyara bayanansa, su kuma riƙa sauke kwafin wasiƙunsu lokaci-lokaci. Masu shagunan waya da na intanet kuma su sa lambar mai akwati a wurin dawo da shi, su damƙa masa kalmar sirrinsa kafin ya bar shagon.